Baitin da Guɗa Ke Rufewa

Tun da aka kawo hular karatu, na'urar da ake kifawa a ka, ɗalibai suka daina sauraron tsoffin waƙoƙi, shiga cikinsu suke yi. Yau Tabawa ta shiga wata waƙar daɓe ta zamanin da, ta matar da masoyinta ya yaudara zuwa bakin rafi ya yanka.

Ta dawo gida dafe da wuya.

"Iya, na ji sanyin wuƙar har ƙashi," ta ce wa kakarta. "Malam ya ce gobe ni ce masoyin."

Iya ta yar da muciya. "Har baitin ƙarshe aka kai ku? Mu da an zo nan guɗa muke rangaɗawa, don kada yara su ji!"

Wuƙar yankan kuɓewa Tabawa ta ɗauka, tana gwada kaifinta a yatsa, tana rera baitin a hankali.