Ƙararrawar Sarkin Aiki

"Ki saita wa kowa irin ƙararrawarsa," in ji oga ga wata ma'aikaciyarsa, yana nuna wanda suke kira Sarkin Aiki. "Kin ga mutum, kwamfutarsa ba ta yin shiru."

Haka ne kuwa. Duk ɗakin masu haɗa manhajar nan an san shi. Kwamfutarsa na yin ƙililin, alamar sabon aiki ya shigo, sai ya dafe goshi ya ja numfashi: "Wayyo, za su kashe ni!" Da wannan nishin ya samu ƙarin girma har da kujera mai juyawa. Ita kuwa da take aiki har idanunta su yi ja, ko sannu.

Ta buɗe saitin nasa ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta taɓe baki.

"Oga, don Allah turo sabon aiki. Ni za ka turo wa, ba shi ba."

Oga ya latsa. Kwamfutar Sarkin Aiki ta yi ƙililin.

Kafin ya farga, hannu ya riga ya kai goshi. "Wayyo, za su..."

Ashe da sunanta Sarkin Aiki ya saita ƙararrawar: in an turo mata aiki, tasa ke bugawa. Duk tsawon lokacin nan kayan a kanta yake, shi nishin kawai ya ɗauka.