Ayarin Garinsu Inna

Innata 'yar sarauta ce daga Damagaram, aka kawo ta gidan hakimi a Gumel. Tun daga ranar ba ta sake ganin ƙofar gida ba.

Wata la'asar muka ji ayarin garinsu yana wucewa ta bayan katanga. Ta ɗora ni a kafaɗa.

"Me kike gani, 'yar nan?"

"Raƙuma, Inna, da wani dogo mai tsage irin naki."

"Ko Yaya ne? Ya dubo gidan?"

"A'a, ya wuce."

"Ƙara dubawa."

Ba ta sauke ni ba sai da kukan raƙuman ya ɓace. Yau na tsufa, amma har yanzu ina jin yadda kafaɗarta take rawa a ƙarƙashina.