Kwalba Ta Shida

Kwalabe shida Malam Mu'azu, malamin dabbobi, ya jera a kan teburin Omolara a ɗakin bincike, ɗaya bayan ɗaya, da hannun hagu. A cikin kowace akwai ɓawon ƙurji. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, kuma shanun da ake kiwo a gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni sun kamu da wasu ƙuraje a hantsa, dangin agana. Saniya ba ta yarda a tatse ta, maruƙa sai ramewa.

Unguwa ta riga ta yanke hukunci. Indo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shanu huɗu, ta sayo karsana a kasuwar Wudil, sai aka ce ita ta kawo cutar. Aka daina sayen kindirmonta. Mai unguwa ya ce ta fitar da shanun, amma ya yarda a jira sakamakon ɗakin bincike. Omolara kuwa, ma'aikaciyar ɗakin, da kindirmon Indo ta girma.

Mu'azu ya ce kwalabe biyar daga gidaje biyar suke, har da na Indo, duk gidajen da ya saba zagayawa. An san shi ba ya sa safar hannu. Yakan ce saniya ba ta sakin jiki da roba. Ta shida, in ji shi, ta girme su duka, don ƙurjinta ya fito tun kafin karsanar Wudil ta shigo gari. In cutar ɗaya ce, Indo ta fita daga zargi ke nan.

Omolara ta ce, "Baba, ta shidan saniyar wa ce?"

"Yi aikinki tukuna, 'yata."

Omolara ta dasa ƙwayar cutar a cikin ƙwan kaji don ta yi yawa. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai, ƙwai suka huce suka lalace. Ta sake dasawa. Kowace safiya Mu'azu yakan zo ya zauna a benci, hannun dama cikin aljihun riga, ya tambaya ko an gama. Ya daina zagayen gidaje. Ya ce ciwon baya ke damunsa.

Haƙurin mai unguwa ya ƙare kafin aikin ya ƙare. Wata Talata Omolara ta gamu da Indo a bakin titin Zariya, tana dawowa daga wajen mahauta, igiyoyin shanunta biyar a naɗe a hannunta. Ta gaishe ta, Indo ta amsa ba ta ɗaga kai ba.

Da ƙwayoyin halittar cutar suka fito a gwaji, duk shida layi ɗaya suka yi, babu bambanci. Sai Omolara ta yi gwajin da ta saba rufewa da shi, na tabbatar da irin dabbar da aka kankaro kowane ɓawo daga jikinta. Biyar suka nuna saniya. Ta maimaita ta shida har sau biyu.

Washegari ta gaya wa Mu'azu cutar ɗaya ce, Indo ba ta da laifi. 

"Amma Baba," ta ce a hankali, "ta shida ba daga jikin dabba ta fito ba."

Tsohon ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗora a kan tebur, ga tabon ƙurajen nan jere tsakanin yatsun da ya bi gida gida yana lalubar hantsa da su.