Direban Aro

Pailo ya murza makulli, bas ɗin Kawu Itti ta yi tari sau biyu ta tashi. Ya sauke ajiyar zuciya. Ya tsira.

Shekara bakwai ya yi a birnin Sharja, can ƙasar waje, yana tuƙi. Sati uku da dawowarsa gari ya ishe shi, har ya yanki tikitin komawa ran Litinin. Mahaifiyarsa kuwa ta tsayar da Asabar don zuwa ganin yarinya: mutum ya ɗaura farin zane, ya zauna a falon mutane, yarinya ta kawo shayi a tire, a kalli juna minti goma, manya su ƙarasa sauran.

"Ko sunanta kar ki faɗa min, Mama," ya ce. Hoton ma ya ƙi kallo.

Ran Juma'a sai ga Kawu Itti hankali tashe. Wai ciwon baya ya kwantar da direbansa, ga ɗaliban tarihi na kwalejin mata za su zaga tsofaffin majami'u Asabar da Lahadi. Kafin kawun ya rufe baki Pailo ya warce makullin. Mama ba ta hana shi ba. Rigunansa biyu masu kyau ma ta goge masa.

'Yan mata goma sha huɗu ne, kowacce da littafi da biro. Malamarsu Rahel, siririya mai tabarau, ta zaɓi kujerar da ke bayansa.

A Kodungallur, bakin ruwan da ake cewa nan Manzo Toma, wanda ya kawo musu bishara, ya sauka, Malama ta daɗe tana bayanin jiragen fataken masoro. Ɗalibai sai hamma suke.

"Yaya direba," in ji Elsi, mai tsiwar cikinsu, "kai ba ka san komai ba?"

"Ni? Ai kakan kakan kakana ne ya fito da Manzo Toma a kwalekwale. Shi ya fara ba shi rogo da kifi."

"Rogo bai shigo ƙasar nan ba sai bayan shekara dubu da ɗoriya," in ji Malama, ba ta ko ɗago ba.

"To, kifin dai gaskiya ne."

Nan take biro goma sha huɗu suka hau aiki. Pailo ya kumbura. Ga Malama da digirinta ba a rubuta nata, nasa ake kwashewa.

Daga nan ya saki baki. A wata tsohuwar majami'a ya rantse musu cewa giwa ce ta ɗauko dogon gicciyen dutsen da ke tsakar fili. Suka rubuta. Amma da ya cire takalmi ya shiga, ya tsaya gaban fitilar mai, sai ya tsoma yatsa ya shafa a goshi, yadda mahaifinsa yake yi. Can a bayansa ya ji an juya shafi.

Da la'asar ruwa ya tsuge, taya ta fashe. Ya jiƙe sharkaf, sifana ta kuɓuce ta daki babban yatsansa. Ya buɗe baki, ya tuna su wa ke cikin motar, ya haɗiye zagin da ƙyar. Ta taga ya hango kawuna a sunkuye.

"Wannan karatu," ya ce a ransa, "har da taya."

Lahadi suka hau dutsen Malayattur, inda ake zuwa ziyarar ibada. Shi ya ɗauki tukunyar wainar shinkafa har sama, yana haki yana cika baki. Da 'yan matan suka watse, Malama ta zauna gefensa a kan dutse.

"Shekara bakwai a Sharja, gobe kuma ka koma. Me kake gudu?"

Ya nemi ƙaryar da zai yi, ya rasa.

"Tun da Baba ya rasu, duk kujerar da na zauna a gidan sai in ji tasa ce."

Ta dubi kogin da ke ƙasa.

"Fatake da yawa sun zo nan da niyyar komawa in iska ta juya," ta ce. "Jikokinsu ne ke kunna fitilun nan."

A hanyar komawa ya shirya maganar da zai yi mata. Ya gyara ta, ya sake gyarawa, kilomita arba'in cur. Da suka isa ƙofar kwaleji, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A sauka lafiya."

"Allah ya kiyaye hanya, direba."

Ta tafi. Ko lambar wayarta ba shi da ita, ga jirgi gobe da hantsi.

Ya kai motar gareji ya share ɓawon ayaba. Da ya dawo zai kulle, sai ga littafin ɗaya daga cikin ɗaliban a kan kujerarsa. Ga dalilin komawa kwalejin! Ya buɗe don ya ga sunan mai shi.

Babu Manzo Toma a ciki, babu gicciye, babu giwa.

"Ƙarya: yana yi, amma mai daɗi. Gudu: ya yi yawa. Ibada: yana yi in ya ɗauka ba a gani. Fushi: ya haɗiye zagi cikin ruwa. Madubi: ya kalli Malama sau hamsin da ɗaya, a tuna masa hanya tana gaba."

A ƙasa kuma, da jan biro:

"Mahaifiyarka ta ce ba za ka zo shan shayin minti goma ba. Ni ma minti goma bai ishe ni ba, shi ya sa na aro ka kwana biyu. Ka ci jarrabawa, saura tikitin. Rahel."