Sarƙar Galma a Daɓen Inna

Kwana uku Inna ta yi tana bugun daɓen zaurenmu a unguwar Sarkin Hausa, har tafinta ya yi bororo. Ƙamshin makubar da ta yayyafa wa daɓen bai gama fita ba, Baba Babba, wan mahaifina, ya kawo ajiyar galmar shanunsa, don sanyi ya shigo, noma ya ƙare.

Inna ta yi maza ta shimfiɗa tsofaffin buhuna. Ya ture su da ƙafa.

"Buhun mene ne? Ƙarfe ne, ba amarya ba!"

Ba ta da bakin yi wa wan miji musu. Muna kallo ya ja galmar, sarƙa tana kartar daɓen daga ƙofa har lungu.

Inna ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Allah ya jiƙan Inna. Sai da na yi aure na san abin da ta haɗiye kafin sannun nan ta fito.