Keken Baba Ya Dawo

Dillali na ɗora keken ɗinkin a mota, tela ya kau da kai.

Shekara biyu ke nan da ya ciri tsabar kuɗi da katin bashi ya sayi keken. Bai san tun ranar kuɗin ruwa suka fara hawa ba. Wata-wata yana biya, bashin ko gezau. Kunya ta hana shi gaya wa kowa a gida.

Kuɗin da ya sayar da keken duka ya kai banki. Ko rabin bashin ba su toshe ba.

Bayan kwana uku ya tarar da keken a shago, an goge shi fes. Babbar 'yarsa na gefe tana murmushi.

"Ni na sayo maka abinka, Baba."

Ya shafa keken, idonsa ya kawo ruwa. "Allah ya yi miki albarka. Amma da albashin koyarwa? Ina kika samu?"

Ta zaro sabon kati daga jaka, irin nasa sak.

"Ban roƙi kowa ba, Baba. Sakawa kawai na yi a na'ura, kuɗi suka fito."