Saiwoyin da Ke Cikin Adaka

Kwana bakwai da binne matata, na ji ƙwas-ƙwas cikin adakarta da dare, kamar wani ɗan tsoho na taunar goro a ɓoye. Ɓera ne. Da gari ya waye na kira maƙwabciyarmu ta taya ni kwashe kayan.

Zamanin soja, likitocin jami'a sun zo Filinge daga Yamai suna binciken rashin haihuwa. Suka auna mu, ni da matata. Bayan damina takarda ta iso da Faransanci. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, amma ya ishe ni gane layin ƙarshe: ita lafiyarta lau, ni ne ba zan haifa ba. Na ce mata ba su ga komai ba, na cusa takardar cikin jinkar rumbu.

Shekara ashirin, duk wata sai ta tsuguna gaban mai magani ranar kasuwa, a idon kowa, ta sayi saiwoyin haihuwa. Mata suna nuna ta da baki. Ni kuwa na bari ana ɗora mata laifin.

Ni da maƙwabciyar muka ɗaga murfin adakar. Saiwoyin ne ƙulli bisa ƙulli, ko ɗaya ba a kwance ba sai wanda ɓeran ya huda. Can ƙasa ga takardata naɗe cikin kallabi, a bayanta wani ya rubuta fassararta da ajami.

Maƙwabciyar ta juya ƙulli guda a tafinta.

"Baba, wadda ba ta sha, don mi take saye?"